Yaya, ga abin da ya zaunar da mu a Tawa

Yaya, saƙonka ya iso tun ranar Laraba, na bar shi ya kwana biyu don kada in amsa da zafin rai. Tambaya uku ka haɗa: me Baba ya gani a Tawa ta Nijar har ya bar Kano, me ya sa na auri Buzuwa alhali ga 'yan mata cike da dangi, sai wadda ta fi tsaya mini a rai, wai ko 'ya'yana za su tashi Hausawa. Na san ba da mugun nufi ka yi ba, amma ba kai ne na farko ba, kuma duk wanda ya zo daga gida da wannan maganar yake zuwa.

Baba bai fito da niyyar Tawa ba. A 1987 ne, ba a daɗe da buɗe iyakar da gwamnatin Buhari ta rufe a 1984 ba, naira ta fara zubewa, shagon yadin da suka haɗa da wani ya karye ta hanyar da kai ma ka sani, ba sai na tono ba. Ya ɗaure keken ɗinkinsa mai ƙafa, ya bi ta Sakkwato, ya tsallaka daga Illela zuwa Ƙonni, ya nufi Arlit, don an ce masa ma'aikatan haƙar yuraniyom suna da albashi kuma suna son ɗinkin Kano. Motar ta lalace a Tawa. Kwana uku ana jiran gyara, wani dattijo Ba'adare da suka haɗu a masallaci ya sauke shi a zaurensa. Ranar da mota ta tashi, Baba yana tsakiyar ɗinka wa jikokin dattijon riguna, ya ce su tafi, zai biyo ta gaba. Ta gaban ce bai hau ba har ya koma ga Allah. Dattijon nan shi ne kakana na wajen uwa.

Yakan ce daren farko shirun garin ne ya hana shi barci, ba ka jin komai sai kukan jaki da kiran assalatu. Yanzu gari ya buɗe, akwai jami'a, 'yan kabu-kabu sun cika titi, amma har gobe in aka kira azahar kujera nake gittawa a ƙofar shago in tafi masallaci, in dawo in tarar da kayana yadda na bar su. Da ƙafa nake zuwa gida cin abincin rana. Mutumin da amanarsa ta ci wuta a birni, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Sana'a a ƙaramin gari tana da nata karatun, kuma Baba ya sha wuya kafin ya iya shi. Lissafin kuɗi ma sai da ya koya daga tushe, don a nan da dala ake ƙirga: dala ɗaya sefa 5 ce, in mace ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi, jikka kuwa 1,000. Sannan ya gane cewa ciniki a Adar, wato yankin nan na Tawa, yana bin ƙafar 'yan bida ne. Samari da magidanta suna watsewa bayan kaka, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu nan wajenku, su dawo gab da damina da ɗan abin da suka samo. Lokacin ne ake biyan bashi, ake sa ranar aure, ake yi wa iyali sutura. Wanda ya ce ba ya ba da bashi a garin nan to ya rufe shago. Matar da mijinta yake Abijan za ta kawo ɗinkin yara huɗu ana saura mako biyu Sallah, ba ko dala a hannunta, kuma za ka ɗinka, don ka san gidansu, ka san surukinta, gobe tare za ku tsaya a jana'iza. Littafin bashin Baba yana nan wurina, wasu sunayen an soke su bayan shekara biyu, kaɗan ne ƙwarai ba a soke ba. Ran Lahadi, ranar kasuwa, mutanen ƙauyuka da makiyaya suke shigowa, cinikin ranar yakan fi na sauran mako.

Wahalar da ba ku gani daga can ita ce ta iyaka. Da naira muke sayo yadi da zare a Kano, mu sayar da sefa, duk abin da ya taɓa ɗayansu mu yake faɗowa a kai. A watan Janairun 1994 aka kwana aka tashi an raba darajar sefa biyu, Baba ya ce rabin guminsa na shekara bakwai ya tafi ba tare da ɓarawo ya shiga gidansa ba. Na ga nawa a 2019 da Najeriya ta rufe iyaka fiye da shekara guda. Na 2023 ya fi ciwo, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da aka rufe hanya aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Kekunana na lantarki uku suka zama kayan kallo, tsohon keken Baba mai ƙafa na kakkaɓe, shi ya ciyar da mu. A kwanakin nan maƙwabta ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa ya ce ga ɗan Najeriya.

Maganar aure kuma, Yaya, ina roƙonka ka daina cewa "Buzuwar nan". Sunanta uwar 'ya'yana. Na san abin da kalmar take kawo muku a Kano, mai gadi da rawani yana dafa shayi a ƙofar gidan wani. Su kansu Kel Tamajak suke kiran kansu, masu harshen Tamajak. Iyayenta mutanen wajen Abalak ne, farin 1984 ya cinye musu dabbobi suka shigo gari. Mahaifinta malami ne, a gabansa na gyara karatun Risala. Da na aika neman aurenta bai tambayi garin ubana ba, limamin unguwarmu ya tambaya ko ina zuwa asuba, ya kuma aiko aka duba ko shagon nawa ne. Ba na ɓoye cewa akwai inda muka sha bamban. Matansu suna da baki a gida fiye da yadda aka saba a wajenmu, kayan ɗaki nata ne kuma ta san nata ne, ba ta jin nauyin zama a yi shawara da ita a gaban baƙi. Da fari abin ya yi wa Inna nauyi. Amma ita ta yi jinyar Baba wata bakwai, ita take dama masa fura ta ba shi a baki, har ya riƙa kiranta 'yata. A lokacin, daga cikin dangin da suke ta yi mana faɗan auren bare, mutum biyu ne suka tsallako dubiya.

To, ko mu Hausawa ne? Wannan tambayar tana ba ni mamaki, don Adar ƙasar Hausa ce tun kafin Bature ya san hanyar nan. Ingila da Faransa ne suka ja layi a farkon ƙarni na 20, suka bar Illela a hannu ɗaya, Ƙonni a ɗayan, alhali jifa kaɗan ne tsakaninsu. Sarautar Maraɗi ma ai ta Katsinawa ce. In ɗana ya ce "shina tahowa" ko "mi kake so", ko ya kira fura "hura", kuka kwashe da dariya, Hausar kakannina na wajen uwa yake yi, kuma Basakkwace ba zai ga abin dariya a ciki ba. Muna cewa lakwal, kuna cewa firamare. Muna cewa mushe, kuna cewa tica. Kowa da Baturen da ya ara a wurinsa, ban ga dalilin da aron wani zai zama asali, na wani ya zama ɓata ba. A 2025 ma hukumar ƙasar nan Hausa ta ayyana a matsayin harshen ƙasa. Yarana suna Hausa a gida da titi, Tamajak da kakarsu, Faransanci a lakwal, da yamma kuma suna gaban allo. Babbar ta iya tuwon shinkafa da miyar taushe yadda Baba yake so, ta kuma iya cin cuku da shayi kamar 'yar Abalak.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne shekarar da muka zo rabon gidan Kaka. Ina zaune a soro na ji wata daga cikin gwaggonninmu tana cewa a cire wa "'yan Nijar" nasu su kama hanya, ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban ce komai ba. Baba kuwa har ya rasu bai taɓa fashin aiko da kayan Sallah Kano ba, ko a shekarar da sefa ta faɗi. A nan kuma har yau shagonmu "shagon Bakano" ake ce masa, da shi ake kwatance, ni da aka yanke wa cibiya a garin nan ma Bakano nake. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don da girmamawa suke faɗinsa.

Ka ce kana so ka zo bayan Sallah. Ka biyo ta Sakkwato, in ka tsallaka Ƙonni akwai motocin Tawa a tasha, tafiyar ba ta fi awa biyu da wani abu ba. Ka taho da takardun tafiyarka, ka canji kuɗinka a bakin iyaka. Ka yi ƙoƙari zuwanka ya haɗa da Lahadi don ka ga kasuwa, da safe kuma in kai ka kabarin Baba, yana kusa da na dattijon da ya sauke shi. In da hali ka riƙo mini zaren surfani, fari da ruwan ƙasa, nawa ya kusa ƙarewa. Ka gaida Baffa da su Gwaggo.