Tambaya da Amsa: A Clojure, comp zan yi amfani da shi ko kibiya?

Tambaya: Malam, ina koyon Clojure, yaren rubuta shirin kwamfuta. Na ga `comp` da `->` da `->>` duk suna jera fankshan ɗaya bayan ɗaya. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya kamata in riƙe?

Amsa: Ɗan'uwa, bambancin yana ga abin da kowanne ke miƙo maka. `comp` fankshan ne, yana karɓar fankshan-fankshan ya haɗa maka sabo guda, ba tare da ya taɓa bayanai ba tukuna. Kibiyoyin nan kuwa makuro ne: suna sake rubuta kod ɗinka kafin ya gudana, kuma dole ka ba su ƙimar da za su fara da ita.

`(-> 4 inc str)` yana komawa `(str (inc 4))`, ya ba da "5": `inc` ya ƙara ɗaya, `str` ya mayar da lambar rubutu. Da `comp` sai ka rubuta `((comp str inc) 4)`, domin shi daga dama yake farawa, kamar yadda ake haɗa f da g a lissafi. Idan ka juya jerin, `inc` zai ci karo da rubutu maimakon lamba, shirin ya tsaya da kuskure.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne gurbin da ƙima ke faɗawa. `->` yana sa ta a gurbi na farko, `->>` a na ƙarshe. Da gangan aka tsara haka: `assoc` da `update` da `conj` suna karɓar bayanansu a farko, `map` da `filter` da `reduce` kuma a ƙarshe. Don haka `(->> (range 10) (filter even?) (map inc) (reduce +))` ya ba da 25. Amma `(-> [1 2 3] (map inc))` zai zama `(map [1 2 3] inc)`. Abin haushin, `map` ba ya aiki sai an nemi sakamakonsa, saboda haka kuskuren na iya ɓullowa nesa da layin da ya jawo shi. Da zarar ka yi shakka, sa `macroexpand-1` ya nuna maka abin da kibiyar ta rubuta.

Haka kuma `(-> 4 #(+ % 1))` ba zai yi ba, saboda makuron zai cusa 4 cikin ginin fankshan ɗin kansa. Sai ka sa shi cikin ƙarin baka, wato `(#(+ % 1))`, ko ka koma ga `as->`, mai ba ƙimar suna don ka sa ta inda kake so, wanda ya shigo cikin Clojure 1.5 a 2013 tare da `some->` da `cond->`. Ba kuma za ka iya miƙa `->` ga `map` ba, tunda makuro ba ƙima ba ne. Nan ne wurin `comp`: `(map (comp str inc) [1 2])`.

A ganina, idan bayanan suna hannunka kuma matakan sun kai uku, ɗauki kibiya, ido ya fi saurin bin ta daga sama zuwa ƙasa. Idan fankshan kake son miƙa wa wani ko ka ba shi suna, ɗauki `comp`.

Ka lura da abu ɗaya: tun Clojure 1.7 a 2015, idan ka kira `filter` ko `map` ba tare da jerin bayanai ba, ka haɗa su da `comp`, bayanan daga hagu suke bi. `(into [] (comp (filter even?) (map inc)) (range 10))` yana tacewa kafin ya ƙara ɗaya, ya ba da `[1 3 5 7 9]`, ba tare da ya gina wani jeri a tsakiya ba.