Zanen da'irar lantarki daga KiCad zuwa Word

Malam, ka ce zanenka na KiCad, manhajar zana da'irar lantarki, yana dushewa idan ka saka shi cikin Word. Hoton allo kake ɗauka, shi ya sa. A cikin KiCad shiga File, sannan Plot, ka zaɓi SVG, wani nau'in fayil ɗin zane. Layukansa ba sa fashewa komai girman da ka ja su.

Sai dai takardar za ta fito sukutum, har da katangar gefe. Buɗe ta a Inkscape, manhajar gyara zane, goge katangar, danna Ctrl+Shift+R shafin ya tsuke daidai zanen. In Word ɗinka tsoho ne, bai san SVG ba, adana a EMF, wani nau'in fayil ɗin zane da tsohon Word ya sani.

Kada ka yar da ainihin fayil ɗinka na KiCad, wato .kicad_sch, fa. SVG zane ne kawai, bai san wace waya ta haɗu da wace ƙafar kayan lantarki ba.