Ga ɗan'uwan da aka ce ɗansa ya yi gajarta ga wasan hokin ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, tun jiya na ga tambayarka, amma na kasa amsawa sai yau da raina ya ɗan kwanta. Ka ce yaronka ɗan shekara 13 shi ne ya fi kowa gajarta a ƙungiyarsu, tun da suka shiga matakin da aka yarda 'yan wasa su bangaji juna kocin ya fara jibge shi a benci, har yaron da bakinsa ya tambaye ka ko ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, suna zaɓar gajeru, ko kuwa ku haƙura ku daina zubar da kuɗi. Wallahi kamar labarin gidana ka rubuta. Na ga wasu sun ce maka ka mayar da shi ƙwallon ƙafa kawai a huta. Don Allah kada ka yi saurin bin wannan shawarar.

Ka fara gaya wa yaron cewa e, suna zaɓa, sai dai suna jinkiri, kuma sau da yawa su dawo suna cizon yatsa. Mu magoya bayan Montreal mun gani da idonmu. A zaɓen sabbin 'yan wasa na NHL na 2022, wanda a nan Montreal aka yi shi, Lane Hutson ya zauna ana ta kiran sunaye har sai lamba ta 62. Ita kanta Montreal sau uku ta tsallake shi ta ɗauki wasu kafin ta waiwaye shi. Yaron nan har takardar likita ya tafi da ita wurin tantancewa, wadda ke nuna ƙasusuwansa ba su gama girma ba, yana nuna wa ƙungiyoyi don su yarda zai ƙara tsawo. Ka duba wannan wulaƙanci, yaro mai irin wannan baiwa yana yawo da takarda yana roƙon a kalli wasansa. A kakarsa ta farko cikakkiya ya tara maki 66, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, yana mai tsaron baya, aka ba shi kyautar Calder ta gwarzon sabbin 'yan wasa ta 2025. Duk waɗanda suka yi ta rubutu suna cewa za a murƙushe shi a jikin katanga, yanzu su ne ke sanye da riga mai sunansa.

Ni abin da ya same mu ya fi benci ciwo. Babban ɗana yana shekarun naka aka yi gwajin shiga ƙungiyar mataki na sama a yankinmu. Yaron ya yi wasa mai kyau, ba don ɗana ba ne nake faɗa, iyayen da ban taɓa magana da su ba sun zo suna tambayata wane ne mai wannan lamba. A ranar ƙarshe aka riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya da iyayensu zuwa wani ɗan ɗaki kusa da wurin canza kaya. Muka shiga. Mutumin nan bai ce mu zauna ba. Bai ma kalli yaron ba, ni ya kalla, daga kaina har ƙafata, ya sake ɗagowa, sannan ya juya ga mataimakinsa ya yi magana da Faransanci suka yi murmushi. A lokacin Faransancina bai nuna ba, amma yaron a nan ya yi makaranta, ya ji komai. Sai da muka shiga mota na matsa masa ya faɗa mini. Cewa ya yi, dubi uban, wannan ba inda tsawo zai fito masa.

Har yau idan na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. A gaban ɗana aka auna ni kamar ragon layya, aka yanke masa hukunci da jikina. Da cewa ya yi yaron ba ya komawa baya da wuri, ko bugunsa ba ƙarfi, ko yana tsoron shiga kwana, da mun ce to, mu je mu gyara. Me yaro zai gyara a tsawon ubansa? Abin da ya ƙara ƙona mini rai, wanda aka ɗauka a gurbinsa wani zabgegen yaro ne da ko juyawa baya ba ya iyawa sai ya yi tangal-tangal, kuma duk iyaye sun san ubansa da kocin tare suke wasan manya da daddare. Na rubuta wa shugabannin ƙungiyar wasiƙa cikin ladabi, ban zagi kowa ba. Amsar da ta zo layi biyu ce, wai hukuncin koci ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Bayan wani lokaci na haɗu da mutumin a kanti, ya miƙo mini hannu yana fara'a, bai ma gane ni ba. Mu ya hana mu barci, shi ko a jikinsa. Yaron nan ya sauke jakarsa a ɗakin ƙasa, ya daina kallon wasa a talabijin, ya daina cin abinci sosai, uwarsa tana kuka tana cewa ni na jefa shi cikin wasan da ba namu ba. Wata rana na tarar da shi ya jingina da bangon ɗakinsu yana zana alama da fensir a saman kansa. Na ce Allah ya isa a ranar, kuma har yanzu ban janye ba.

Shi ya sa nake ce maka matsalarka ta farko kocin ce. Irin waɗannan mutane, dogon yaro ya yi kuskure goma sai su ce ai yana koyo, gajere ya yi guda ɗaya sai su ce mun faɗa. Har a NHL haka abin yake. Ka tuna Cole Caufield. Ya ci ƙwallo 72 a kaka guda a ƙungiyar matasan Amurka, amma don tsawonsa ƙafa 5 da inci 7 ne sai da ya gangaro lamba ta 15 a 2019 kafin Montreal ta zaɓe shi. A kakar 2021 zuwa 2022 ƙwallo ɗaya tak ya ci a wasa 30, har an tura shi ƙaramar ƙungiyar Montreal da ke garin Laval ya ɗan yi zama, mutane suna cewa ai ga shi nan, ƙaramin jiki ba ya ɗorewa. A watan Fabrairun 2022 aka kawo Martin St. Louis ya zama koci, yaron ya ci 22 a wasa 37 da suka rage. Ko inci ɗaya bai ƙara ba a tsakani. An dai samu wanda ya bar shi ya yi wasansa, ba ya tsoron za a zaunar da shi idan ya ɓarar da fak, wato ɗan faifan robar da ake bugawa.

Kuma ai dole St. Louis ya gane, shi ma an yi masa. Ɗan Laval ne, ƙafa 5 da inci 8, ya yi shekara huɗu yana haskakawa a Jami'ar Vermont, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi ko a zagayen ƙarshe. Calgary ta ɗauke shi daga baya, ta riƙa sa shi a layukan ƙarshe na 'yan gaba, waɗanda ba a cika ba su lokacin wasa ba, ta sallame shi a 2000. A 2004 ya ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Tampa Bay, ya fi kowa maki a gasar, aka ba shi kyautar Hart ta gwarzon ɗan wasan kaka. Ka nemo bidiyonsa ku kalla tare da yaron, ka ce masa ya lura da cinyoyin mutumin da yadda yake dasa ƙafa, ba a iya ture shi.

Wani ɗan'uwa da ya amsa maka ya kawo misalin ƙungiyar Florida, wai kofunan da ta ci a 2024 da 2025 sun nuna ƙarfi da girman jiki ne ke cin wasannin neman kofi. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma Brad Marchand da suka karɓo daga Boston a 2025 ƙafa 5 da inci 9 ne, kuma kowa ya ga abin da ya yi wa Edmonton a wasan ƙarshe. Marchessault da ya ɗauki kyautar gwarzon wasannin kofi da Vegas a 2023 ba a ma zaɓe shi ba. Tun bayan kakar 2004 zuwa 2005 da ba a buga ba, da aka dawo aka tsananta hukunta riƙo da maƙale mutum da sanda, wasan ya koma hannun masu gudu. A zamanin Theo Fleury, da Calgary ta zaɓa a lamba ta 166 a 1987 yana ƙafa 5 da inci 6, sai da faɗa da cizon haƙori gajere ke rayuwa. Yanzu da sauƙi.

Amma ba zan ruɗe ka ba, Malam. Akwai dalilin da ya sa ƙungiyoyi ke ɗari-ɗari. Idan suka ɗauki ƙato bai zama mai cin ƙwallo ba, za su iya ajiye shi a layi na huɗu yana bangaza yana kare gida. Michael McCarron da Montreal ta zaɓa a zagayen farko a 2013 saboda ƙafa 6 da inci 6, bai zama abin da muka yi fata ba, amma ya samu wurin zama a Nashville. Gajere ba shi da wannan mafaka. Ko dai ya fi kowa a wani abu guda, gudu ko bugu ko ganin fili, ko kuma ya ɓace a ƙananan gasa. Kuma duk duniya matasa 224 ake zaɓa a shekara, zagaye bakwai, ƙungiya 32. Dogo ma da wuya ya kai. In don NHL kaɗai kake kashe kuɗin, ajiye abinka. In don yaron yana son abin ne har ransa, to wannan wani lissafi ne daban.

Abin da muka yi, muka sauko mataki ɗaya ƙasa. Da farko ya ƙi, yana jin kunyar abokansa. Amma a can ya samu wani koci dattijo, Allah ya saka masa da alheri, wanda ya riƙa sa shi a kowane yanayi, har lokacin da aka kori ɗan wasansu suna da ƙarancin mutum. Yaron da ke wasa a ƙaramar ƙungiya ya fi wanda ke ɗumama benci a babba ci gaba, ko nawa ne darajar jaket ɗin. Ɗan kuɗin da ya rage mana na tafiye-tafiye sai muka zuba a darasin gudun ƙanƙara, wurin wata mata da ta fito daga masu rawar ƙanƙara. Kada ka raina su, su suka fi kowa sanin amfani da kaifin ƙarfen takalmi. Brayden Point ma, da Tampa Bay ta samu a lamba ta 79 a 2014 saboda ana cewa ƙarami ne kuma ba gudu, wurin Barb Underhill ya gyara tafiyarsa, ita ma daga can ta fito.

Maganar bangaza kuwa, ita ce ke hana ni barci har yanzu. Tun 2013 a Kanada aka cire ta daga matakin 'yan shekara 11 da 12, don haka a daidai shekarun yaronka ake fara ta, lokacin da wani ya riga ya fara gemu wani kuwa muryarsa ba ta ko fashe ba. Wanda aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba aji ɗaya ake zuba su. Ka koya masa ɗaga kai kullum. Kada ya tsaya taku biyu daga katanga ya ba da baya, nan ne wurin haɗari, ko ya manne da ita ko ya yi nisa. In ya bugu a kai ya ce maka lafiya lau, kada ka yarda, ka kai shi a duba shi, ko koci zai yi fushi ya yi ta yi. Nawa ya taɓa ɓoye mana ciwon kai don kada a ce gajere ne ba ya jure wa, malamarsu ce ta lura ba ya iya kallon allo.

Ka kuma kai shi wurin likitan yara a yi hoton ƙashin hannunsa, daga nan suke gane ko girmansa jinkiri ya yi. Ka guji garin ƙarin tsawo da ake tallatawa a intanet, cin kuɗi ne. Abinci da barci kawai. Mu iyaye ma sai mun kama bakinmu, 'yan'uwa in sun zo ziyara suna ce masa ɗan tsurut cikin wasa, ba su san inda abin ke taɓa shi ba. Na hana wannan a gidana, har wata gwaggonsa ta yi fushi da ni.

Sannan boko. Ka lura St. Louis da Caufield da Hutson duk ta jami'a suka bi, haka ma marigayi Johnny Gaudreau, wanda Calgary ta zaɓa a lamba ta 104 a 2011, ya yi shekara uku a Boston College, ya zo ya tara maki 115 a kaka guda. Ranar da mota ta kaɗe shi da ƙaninsa suna kan keke a Agustan 2024, ɗana ya yi kuka kamar ɗan'uwansa ne ya rasu, don hotonsa ne a bangon ɗakinsa tun yana ƙarami. Jami'a tana ba gajere lokaci jikinsa ya cika, wasanni ba su da yawa, ɗaga ƙarfe ya fi yawa, in abin bai yiwu ba kuma ga takarda a hannu. Ɗana bai kai ko kusa da NHL ba, kuma ba zai kai ba, yana dai buga wa makarantarsu yanzu, yana taimaka wa ƙananan yara a ƙarshen mako. Tsawon ma ya ɗan zo daga baya, ya wuce ni.

Kada ka je wa kocin nan da faɗa a gaban yara, a kan ɗanka zai huce. Ka nemi ganinsa ku biyu, ka tambaye shi abu ɗaya: me yaron zai gyara ya samu lokacin wasa? In ya lissafa maka abubuwa, to mutum ne, ku yi aiki da shi. In ya ce maka sai ya ƙara girma, ku lallaɓa ku ƙarasa kakar nan ku nemi wani wuri. Ban ga ka faɗi ko gaba yake bugawa ko baya ba, ka sanar da ni, don shawarar ta ɗan bambanta. Akwai kuma takalma da kariyar kafaɗa da wandon ɗana na shekarun nan a ajiye, ba abin da suka yi, in kuna kusa da Montreal ka yi mini magana ta akwatin sirri in kawo muku ranar Juma'a bayan masallaci.