Ku tambayi Kawu: mi ya sa labarin kisa da na aljannu ke hana ni barci amma na kasa bari?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ina wuni, ya iyali, ya zahin garin. Ni ɗaliba ce a jami'a nan Maradi, gidanmu a Bagalam. Tun bara wata ƙawata ta ara mini wani littahi na Faransanci, labarin wani mutum da anka kashe lokacin yaƙin duniya ana neman wanda ya yi, tau tun daga nan na shiga uku, in ba irin wanga labari ba tau na aljannu da nike saurare a salula, har ƙarhe biyun dare ina ƙudundune cikin gidan sauro gabana na faɗuwa amma sai na ji ƙarshe. Mamata ta ce karatun banza ne, zai busar mini da zuciya. Mi ya sa nike son abin da ke ba ni tsoro, kuma akwai illa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, lahiya lau, a gaida Mama. Ni ma wanga ciwo na daɗe da shi, tun muna lekol nike karatun irinsu da fitilar kwano, saboda haka na san abin da kike faɗi.

Bari in fara da na yaƙin don shi ya fi cina. A zaman lahiya in anka tsinci gawa a unguwa kowa sai ya ji, mai unguwa zai zo, ƴan sanda za su zo, mata su yi ta maganar har wata guda. Amma in ana yaƙi, mutane na mutuwa ɗari ɗari, wa zai tsaya ya tambayi dalilin mutuwar mutum ɗaya? An kashe fitilu don jiragen sama, an hana hita da dare, kowa na yawo da takardun da ba a san ko nashi ba ne, maƙwabcinki ya ɓace sai a ce ai ya gudu ne ko an kama shi. Mugu ba ya samun inuwa irin wagga. Kuma ba ƙirƙirar marubuta ba ce kawai, a birnin Paris an yi wani likita mai suna Marcel Petiot lokacin da Jamusawa ke riƙe da garin, shina ce ma mutanen da ke neman tsira, da yawansu Yahudawa, shi zai hidda su zuwa Kudancin Amurka, su zo da kuɗinsu da akwatunansu, sai ya kashe su a gidanshi. Hayaƙi mai wari ne ya ishi maƙwabta a watan Maris 1944 sunka kira ƴan sanda, da haka asirin ya tonu. An same shi da laihin kashe mutum 26, anka sare mishi kai a 1946. Ki duba tsawon lokacin da ya ɗauka ba wanda ya nemi mutanen nan, don kowa na zaton sun tsallake.

Tau abin da ke riƙe ki har ƙarhe biyu, a ganina, shi ne mutumin nan guda da ke cikin labarin wanda ya ƙi yarda a ce "yaƙi ne ya ci shi" a rufe magana. Shi sai ya san sunan mamacin, da abin da ya ci da dare, da wanda ya gan shi ƙarshe. Ni wanga abu na taɓa ni ƙwarai saboda mu nan ba baƙin abin ba ne, ki tambayi mutanen wajen Madarunfa da Gidan Runji, ƴan bindiga su shigo ƙauye da dare su kora shanu su tahi da mutum, wani ya dawo bayan an biya kuɗi wani shiru har yau, iyalinshi ba su san ko su yi zaman makoki ko su ci gaba da jira ba. Na zauna da wata tsohuwa da ke ajiye da hular ɗanta a kan ƙusa bakin ƙofar ɗaki, kullum tana kaɗe mata ƙura. A littahi aƙalla shafin ƙarshe na zuwa, a nuna miki mai laihi, a faɗi dalili. Zuciya na ƙishin wannan.

Kuma akwai daɗin wasa ƙwaƙwalwa, kina karatu kina zargin direba, can ki koma kan matar, can ki ce a'a likitan ne. Agatha Christie ta Ingila da ta shahara a wanga fanni a ɗakin haɗa magani na asibiti ta yi aiki lokacin yaƙin duniya na farko, can ta san guba iri iri, littahinta na farko ya hito a 1920.

Na aljannu kuwa ai ba sai an kawo muna daga waje ba. Wa anka raina a garin nan ba a kore shi cikin gida da magariba ba, ko ba a hana shi zama ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, ko zuba ruwan zahi a ƙasa ba bisimilla? Ga Doguwa, ga ƴan bori da garaya da Maradi da Tsibiri sunka daɗe da saninsu, ga kuma Alƙur'ani da sura guda mai sunan aljannu. Marubuci bai da wahalar sa ki yarda, kin riga kin zo da tsoronki tun daga tatsuniyar kaka, shi hura wuta kawai zai yi. Kuma tsoro ne da linzaminshi ke hannunki, in ya yi yawa ki danna salula ki kashe, ki ji minsharin ƙanwarki kusa da ke, hankalinki ya dawo. Haɗa yaƙi da aljannu ma tsohon abu ne a wurinmu, Ganɗoki na Bello Kagara da ya hito a 1934 da yaƙin Turawa ya fara sannan ya faɗa duniyar aljannu.

Maganar Mama kar ki yar da ita. Akwai masu rubutun da ba su da komi sai jini da batsa da bayanin yadda ake tsahi, waɗannan ki bar su, su ne ke busar da zuciya. In kin gama labari kin ji tausayin wanda anka kashe tau zuciyarki lahiya take. Amma ƙarhe biyun dare ya yi yawa ga mai zuwa aji da sahe, ki mai da shi bayan la'asar, ki yi addu'o'inki na barci, kuma wata rana ki ba Mama labarin guda tana tsintar wake, ki bar ta ta cinki wanda ya yi kisan.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni mai gyaran salula ne a babbar kasuwa, ina son rubuta irin wanga labari da Hausa amma ban taɓa zuwa Turai ba, ya zan yi?

AMSA: Ɗana mi za ka nema a Turai? Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar na hannun gwamnatin Vichy ta Faransa da ke tare da Jamus, Najeriya kuwa na hannun Ingila, kenan tsakanin Maradi da Katsina, ƴan uwa ciki ɗaya, iyakar abokan gaba ce. Ka ɗauki ɗan fasa ƙwabri da jakinshi shina ratsa daji da dare wajen Dan Isa, da sahe a tsinci gawarshi, kayan na nan ba a taɓa ba, wa ya kashe shi? Dogaran kumandan, ko abokin cinikinshi, ko kuwa mutanen ƙauye su ce ai kukar nan da ya kwana ƙarƙashinta ba a kwana wurin? Ga kuma ambaliyar gulbi ta 1945 da ta ci tsohon garin Maradi anka hau tudu, duk abin da wani ya binne a ɗakinshi ruwa na iya tono shi.

In kana son wanda ya fi wanga tsufa, ka tahi Maijirgi wajen Tasawa. A 1899 sojan Faransa Voulet da Chanoine sunka ratso ƙasar Hausa suna ƙone garuruwa, Birnin Konni ta sha wuya a hannunsu, da anka aiko Kanar Klobb ya tsaida su Voulet ya sa anka harbe shi a Dankori, bayan ƴan kwanaki sojojinsu baƙaƙe sunka juya sunka kashe su su biyun. Kaburburan na Maijirgi, kuma an rubuta cewa da wani kumandan Tasawa ya sa anka buɗe a 1923 ba a tarar da kowa ciki ba. Ka sayi goro ka je ka zauna da tsofaffin garin, ka kunna rikoda a salularka, kar ka katse su ko sun yi nisa da zance. In ka rubuta babin farko ka aiko mini in karanta.