Sabara za ta iya farfaɗo da gonar da ta gaji?

Tambaya: Malam, na gaji gona a gefen Daura, iska ta kwashe ƙasar sama, ga shi babu rijiya kusa. An ce in shuka sabara, har in yi shinge da ita a ƙofar gida. Anya wannan abin da muke sarewa duk shekara zai yi wani amfani?

Amsa: Zai yi, ɗan'uwa. Amma kafin ka nemi iri, zagaya gonar tukuna ka duba kututturan da ake sarewa lokacin sharar gona. Yawancinsu da ransu, saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Idan suka yi toho, zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran. Da wannan dabara manoman Maradi suka fara dawo da itatuwa gonakinsu tun wajen 1983, ba tare da sun yi ban ruwa ba.

Abin da ya sa nake ƙaunar sabara shi ne aikin da take yi a ɓoye. Bincike a Senegal ya nuna cewa da dare saiwarta tana jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi ta saki a sama, geron da ke kusa ya sha. Ka je gindinta da rani ka tona da hannu: za ka tarar da tudun rairayi da busasshen ganye da iska ta tara, ƙasar ta fi ta gefe duhu da laushi.

Inda babu kututture, shuka irinta na da wahala, ba kasafai yake tsira da yawa ba. Ya fi sauƙi ka lanƙwaso reshe da damina, ka binne tsakiyarsa, ka danne da dutse. In ya yi saiwa sai ka raba shi da uwar ka dasa. Sabara 'yar jigawa ce, don haka inda ƙasa ta zama fako sai ka haƙa tassa ko rabin wata, wato ramukan da ke tare ruwan sama, ka zuba taki.

Batun shinge kuwa, tana kai kamar mita uku, ganyenta mai ruwan toka, furenta ƙwallo-ƙwallo ruwan ɗorawa. Sai dai ka kewaye ƙananan da ƙaya a shekarar farko, domin awaki ba sa raga mata da rani.