Yadda wanda bai karanta kimiyya ba ke neman likitanci a Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ka tambaye ni yadda aka yi maiɗakina, wadda ta karanta tattalin arziki kuma ta haura shekara 30, take shirin shiga makarantar likitanci, alhali a gida wanda bai zaɓi ajin kimiyya tun a sakandare ba ya riga ya yi bankwana da wannan buri. Mamakinka yana kan hanya, domin a Nijeriya yaro kan zana Turanci da fizis da kemistiri da bayoloji a JAMB, ya zarce ya yi shekara 6. A nan kuwa sai mutum ya kammala digirin farko, kowane iri ne, kafin ya nemi karatun likita na shekara 4, kuma abin da ake dubawa shi ne ko ya ci wasu darussa na share fage.

Yawancin makarantu suna neman shekara ɗaiɗai ta bayoloji da fizis da kemistiri na gama-gari da kuma kemistirin sinadaran kabon, wanda ɗalibai ke kira oganik, kowanne haɗe da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Da yawa sukan ƙara kemistirin jikin halittu da ƙididdiga. Wahalar ita ce darussan kemistirin a jere suke kamar matakalar bene, ba a taka na sama sai an taka na ƙasa, shi ya sa mai aiki da iyali kan shafe shekara 2 ko 3 a kansu. Bayan nan sai jarrabawar neman shiga makarantar likitanci, wato MCAT, wadda ke cin fiye da awa 7, kuma tun 2015 aka shigar da ilmin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa cikinta.

Abin da ya fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya shi ne takardun gida. Cibiyar AMCAS, wadda ake bi ta hannunta a nemi yawancin makarantun, ba ta tantance makin jami'o'in ƙetare, makarantu da dama kuma suna son a yi darussan a Amurka ko Kanada. Saboda haka za ka ga mai digirin kemistiri daga gida ya koma aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Wasu makarantun ma sukan ƙi darasin da ya daɗe, ko da a nan aka yi shi.

Masu hali sukan shiga shirye-shiryen da aka tanada domin masu sauya fage, irin na Jami'ar Kolombiya da aka kafa a 1955, ko na kwalejojin Bryn Mawr da Goucher, waɗanda su biyun ke dunƙule komai cikin shekara guda. Mu a Buronkis ta Niyok, inda Hausawan Nijar da Gana da Nijeriya ke cuɗe, hanyar talaka muke bi: mace ta yi aikin kula da tsofaffi da rana, ta shiga kwalejin al'umma, wato mai karatun shekara 2, da yamma, maƙwabciya ta riƙe mata yara, kuɗin zango kuma sau da yawa kwasar adashi ce. A ganina, tunda wasu masu tantancewa suna yi wa makin irin waɗannan kwalejoji kallon hadarin kaji, gara a fara a can saboda araha, amma oganik a yi shi a kwaleji mai digiri kamar Lehman ko Hunter, kuma haka maiɗakina ta yi.

Game da ɗanka da ka ce ko zai zo ya bi wannan hanya, ban ba ka shawara ba. Makarantun da ke karɓar wanda ba shi da katin zama na dindindin kaɗan ne, kuma ba ya samun bashin karatu na gwamnati. Tunda yana ajin kimiyya, ya nemi likitanci a Zariya ko Kano, in ya gama yana son zuwa, sai ya zana jarrabawar USMLE ta neman lasisin aikin likita a Amurka.