Ubuntu a cikin VirtualBox na samun intanet, amma na kasa shiga ta daga Windows

Malam, ka ce Ubuntu ɗin da ka girka a VirtualBox (manhajar da ke gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfutarka) tana hawa intanet lafiya lau, amma SSH (hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa don buga mata umarni) daga Windows ya ƙi shiga. Kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace. VirtualBox da tsarin NAT yake farawa, shi kuwa NAT yana barin baƙuwar kwamfutar, wato Ubuntu, ta fita intanet, amma ba ya barin kowa ya shigo mata. Buga `ip a` a Ubuntu, za ka ga 10.0.2.15. Windows bai san hanyar zuwa wannan adireshin ba.

Ga abin da na fi so. Kashe Ubuntu, ka shiga Settings, sannan Network. Bar Adapter 1 a NAT saboda intanet, ka kunna Adapter 2 ka zaɓi Host-only Adapter, wato haɗin da ke tsakanin Windows da Ubuntu kaɗai. Windows zai riƙe 192.168.56.1, Ubuntu kuma galibi ta samu 192.168.56.101. Da wannan adireshin za ka yi SSH, ko da datarka ta ƙare, domin zancen a cikin kwamfutarka kaɗai yake yawo.

In SSH kawai kake buƙata, Port Forwarding a ƙarƙashin NAT ma ya wadatar: haɗa ƙofa 2222 ta Windows da 22 ta Ubuntu, ka buga `ssh -p 2222 sunanka@127.0.0.1` a Windows, inda `sunanka` shi ne sunan da kake shiga Ubuntu da shi.

Tsarin Bridged kuwa, wanda ke haɗa Ubuntu kai tsaye da hanyar sadarwar da Windows yake kai, ban cika ba da shawararsa a kan Wi-Fi ba. Adireshin Ubuntu kan sauya duk sanda ka sauya hotspot.

Af, ka tabbata ka girka openssh-server, manhajar da ke karɓar SSH, a Ubuntu tukuna, don Ubuntu ta tebur ba ta zuwa da shi.